Lemon Mma a Gonar Aro

A Kumasi aka haife ni, cikin zango, can kuma aka haifi mahaifiyata. Mahaifina ne kaɗai ɗan arewa na gaske a gidanmu. Ya bar Kafin Dafga ta ƙasar Karaye yana saurayi, ya bi fatake zuwa kurmi, ya kama sana'ar goro, bai sake komawa ba har ƙasa ta rufe idonsa. Amma bakinsa bai taɓa barin garin ba. In ya ci tuwo ya ce ba kamar na gida ba. In hadari ya taso ya ce yanzu a gida ana can ana gyaran gona. Mun tashi muna jin gida, gida, har muka ɗauka wani wuri ne da aka share aka shimfiɗa tabarma ana jiran isowarmu.

Shekarar da aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar Gana, ina da mata da 'ya ɗaya, mahaifina kuma ya kwana biyu da rasuwa. Ni da ban san ko'ina ba sai zango da kasuwar goro, wai ni ne baƙo. Kowa ya ɗauki abin da zai iya, wani keken ɗinki, wata tukwane, wani katifa a ka. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma yadda 'yan zango suke kiran uwa, sai ta tafi gindin bishiyar lemon da ke tsakar gidanmu. Mahaifina ne ya dasa ta shekarar da ya auri Mma. Ta tsinke abin da hannunta ya kai, ta ƙulle a tsohon zani. Na yi mata faɗa, na ce mutane na ɗaukar dukiya ke kina ɗaukar lemo. Ko kallona ba ta yi ba.

A cikin babbar motar da ta kwaso mu muka sha lemon nan, mu da waɗanda muke matse da su. Sharaɗinta ɗaya, kada wanda ya tofar da ƙwallo. Ta bi kowa da tafin hannu ta karɓe, ta naɗe a ganyen da muke ɗaurin goro da shi, tana yayyafa musu ruwa daga butarta, ruwan da mu kanmu muke sha da awo. Ta ce in suka bushe sun mutu.

Wanda muka sauka a hannunsa a Kafin Dafga ƙanin mahaifina ne, Baffa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya karɓe mu. Ya yi kukan ɗan'uwansa, aka dama fura, aka yanka kaji, aka ba mu ɗakuna biyu a ƙuryar gida kusa da garken awaki. Mutanen gari suka yi ta zuwa sannu da hanya. Kafin wata ya zagayo, suna kuma sun sa mana: 'yan Gana. A can an ce mu 'yan arewa ne mu tafi, a nan an ce ga 'yan Gana sun zo. Har yau akwai tsofaffin da in ba ka faɗi haka ba ba za su gane wa kake nufi ba.

Zama ya fara da ƙananan abubuwa, su ne kuma suka fi cin rai. Matata da ta saba murɗa famfo ta koma jan guga har tafinta ya yi kanta. Mma ta kalli tuwon dawa da miyar kuka ta tambaya a hankali ko wani ne ba shi da lafiya a gidan. Babu sakwara, babu ayaba, manja kuwa sai ranar kasuwa, shi ma ɗan cokali. Gaisuwa ta zame mini aiki. A zango ka ce ina kwana, a ce lafiya, kowa ya kama gabansa. A nan sai ka durƙusa, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi sanyi, a koma kan gajiyar, kai kuma ka mayar da duka ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa miƙewa tun ba a gama ba, aka yi mako ana zancen rashin tarbiyyar yaran kurmi. In muka buɗe baki yara su bi mu suna kwaikwayo. Na daure, don ina ganin wanda ya zo gidan ubansa ba ya fushi da dariyar yara.

Da na ga zaman ya miƙa, sai na tambayi Baffa ko mahaifina ya bar wata gona. Ya ce in bari in huta tukuna, hanya da nisa. Na sake tambaya, ya ce ai komai na gidan nan namu ne gaba ɗaya. Ana gab da faɗuwar damina ya kira ni, muka tafi wata gona da ta gangara bakin fadama, daga gindin kuka zuwa kwazazzabo. Ta gaji, duk ƙuduji ya cinye ta. Ya ce ga wannan in riƙa taɓawa, ya ba ni aro. Na durƙusa na yi godiya har da ƙwalla. A zango abin da ake ara bokiti ne da dutsen guga, saboda haka kalmar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan.

Noma kuwa na sha wuyarsa. Hannun da ya saba ɗaure huhun goro aka ba shi fartanya. Kunyar shuka ta farko da na yi a gonar, samari suka zo kallo, wani ya ce maciji ne ya bi ta nan. Amma na nace, har na fara gane gero da ciyawa tun suna ƙanana.

Mma tana nata aikin. Ta nemi gwangwanayen madara, ta huda gindinsu, ta cika da ƙasa, ta binne ƙwallayen nan ta jera a bayan ɗaki. Da yawa sun tsiro. Kaji suka tone wasu, akuyar gidan ta cinye wasu ranar da aka manta ƙyaure a buɗe, rana ta ƙone wasu. Ɗaya ta rage. Da damina ta kankama, Mma ta ɗauki gwangwanin a ka, ta bi ni gona, ta zaɓi wuri ta ƙasa-ƙasa inda laima take. Ta haƙa rami da kanta, ta dasa, ta kewaye da ƙaya. Da ta gama ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu tana murmushi. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin mu hau mota. Ta ce to, yanzu mun sauka.

Wallahi da a ce mutum ɗaya ya buɗe baki ya ce mana ba a yin haka, da tun ranar an wuce wurin. Amma mutanen nan ba sa faɗa maka magana, sai dai su ajiye ta kusa da kai su wuce. Mai wucewa ya tsaya ya ce sannu Inna, ashe dashe ake yi. Wani ya ce Baffa ya gani kuwa? Wata tsohuwa ta kama haɓa ta ce Allah ya sa a gama lafiya. Mma ta yi ta amsawa da fara'a, tana ganin yabo ne. Baffa da kansa ya zo, hannu a baya, ya tsaya kan 'yar bishiyar da ba ta kai gwiwarsa ba. Ya tambayi ko mece ce, aka faɗa masa. Ya tambayi shekara nawa take yi kafin ta haihu, Mma ta ce shida ko bakwai, ta ƙara da cewa 'yar wadda yayansa ya dasa ce. Sai ya ce Allah ya nuna mana. Muka ce amin da ƙarfi, mu sakarkaru.

Daga nan kwanon tuwon da ake aiko mana daga cikin gida ya fara yin fashi, har ya daina zuwa. Gaisuwar Baffa ta gajarce, daga gajiya sai madalla. Ni da nake ƙorafin tsawon gaisuwa, har daɗi na ji.

Wanda ya fasa mana ƙwan wani dattijon Bafillace ne da ke zaune a gefen gari, yana noma yana kiwo. Da aka yi girbi na roƙe shi ya kwana da shanunsa a gonata, su ci kara su bar mini taki. Wata safiya muna tsaye, Mma ta wuce mu da tulu a ka za ta ba lemonta ruwa. Ya bi ta da kallo, ya juyo ya tambaye ni ko da gangan muke yi. Na ce me? Ya ga da gaske ban sani ba, sai ya zaunar da ni. Ya ce a gonar aro abin da za ka girbe a shekara kake shukawa, gero, dawa, wake, gyaɗa. Itace kuwa mai gona ne kaɗai yake dasawa, domin wanda ya dasa itace cewa ya yi nan nawa ne, kuma bayan shekaru itacen zai tsaya masa shaida ko shi ba ya raye. Ya ce duk garin an ɗauka tsohuwar ta kafa wa Baffa tuta ne.

Na yi dariya na ce wace tuta, tsohuwa ce da kewar gida. Ya ce da wata gonar ce da Baffa ma dariyar zai yi. Amma wannan, daga kuka zuwa kwazazzabo, yana yaro aka raba gadon kakana a gabansa, kuma ita ce rabon mahaifina.

Gonar ubana aka ara mini, na durƙusa na yi godiya da hawaye. Na tambaye shi ko zai maimaita wannan a gaban mutane. Ya kalli shanunsa, ya ce a rijiyar Baffa suke shan ruwa. Na tafi wurin limamin gari, mutumin kirki mai ɗalibai cike da zaure, na zazzage masa. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce waɗanda suka yi rabon duk sun riga mu gidan gaskiya, Baffa kuma ya fi shekara talatin yana noma wurin ba wanda ya ce uffan. Ya yi mini nasiha da haƙuri da zumunci. Na fito raina a ɓace fiye da yadda na shiga. Kowa a garin nan ya sani, tun daga ranar da muka sauka, suna kallona ina gode wa mutum a kan abina.

Ban iya ɓoye fushi ba, ban taɓa iyawa ba. Maganar ta koma kunnen Baffa, sai ga kira daga zauren mai unguwa. Da bazara ne, bayan la'asar, zafi kamar a tanda. Dattawa suka zauna a ciki, Mma ta zauna a bakin ƙofa daga waje. Baffa ya yi magana da taushi, ya fara da salati, ya lissafa alherin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ya ce shi ba ya zargin kowa, baƙi ne, ba su san al'ada ba. Amma yana da 'ya'ya, ba ya son bayan ransa a tashi da rigima. Saboda haka ɗayan biyu: ko a cire bishiyar yau, ko wadda ta dasa ta faɗa a gaban jama'a cewa ta mai gona ce. Dattawa suka ce wannan adalci ne.

Na yunƙura zan ce a cire, mu kai ta wani wurin. Sai na tuna wane wurin? Ɗakin da muke kwana ma nasa ne. Kuma lemon da aka tumɓuke a tsakiyar bazara ba ya kai gobe, ni na sani, Mma ta fi ni sani. Na buɗe baki zan ɗauko zancen gado, liman ya ɗaga mini hannu. Kafin in ture hannun, sai na ji muryarta daga bakin ƙofa.

"Ku shaida, bishiyar nan ba tawa ba ce. Ta mai gona ce. A bar ta ta rayu."

Akwai wani tsoho a cikinsu da kunnensa ya yi nauyi. Baffa ya nuna shi ya ce Malam bai ji ba, ko za ta ɗan ɗaga murya. Ta ɗaga, ta sake faɗa tun daga farko. Aka shafa fatiha. Na yafe wa mutane abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma sun fi wannan girma a idon duniya, amma wannan maimaitawar ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Na sake noma gonar damina ɗaya. Takin shanu ya kama, dawa ta yi kyau har masu wucewa suna tsayawa. Ana gama girbi Baffa ya ce babban ɗansa zai yi aure, yana bukatar wurin. Ya ba ni wata a kan tudu, tsakuwa zalla, ita ma aro.

Na ɗauka shi ke nan Mma za ta haƙura. Ina! Rani na kamawa ta ɗauki tulunta. Kullum da safe ta ja ruwa, ta ɗora a ka, ta gangara gonar da ba tamu ba, ta zuba a gindin bishiyar da ta faɗa da bakinta ba tata ba ce. Ta gyara ƙayar da awaki suka ture, ta tsince tsutsa a ganye da hannu. Mutanen gidan Baffa ba su hana ta ba, don me za su hana? In sun gamu da ita su ce sannu da aiki Inna. Shekarar da ruwa ya ƙi sauka, fadama ta tsage, rijiyoyi suka ja baya har sai an ƙara igiya, a lokacin ma ba ta fasa ba. Ruwan wankanta take ragewa. Ƙafafunta suka fara kumbura. Wata rana na tare ta a hanya na sauke tulun da ƙarfi har ruwan ya zube. Na ce Mma, bauta kike wa mutumin da ya ci gadonmu, ya kunyata ki a gaban maza, wa ya aike ki? Ta kalli ruwan da ƙasa take shanyewa.

"Ita ba ta san na yi magana a zaure ba," in ji ta. Ta ɗauki tulun ta koma rijiya.

Tudun tsakuwa bai ciyar da mu ba. Na ajiye fartanya na koma abin da na iya. Na kwashe iyalina zuwa Rogo, na kama hayar wani ɗan gida, na kafa teburin goro a kasuwa. Goro dai ba wanda zai koya mini shi, ina taɓawa na san kwanansa. A hankali muka samu na tuwo. Mma ba ta so tashin ba. Sai da na ce in ba ta hau mota ba ni ma ba zan hau ba, mu zauna mu mutu tare. Kafin mu tafi ta kira matar ɗan Baffa, ta ba ta sabon ɗankwalinta na Kumasi wanda ba ta taɓa ɗaurawa ba, ta roƙe ta ruwa ko rabin tulu ne in rani ya yi.

A Rogo muka zama mutanen gari, iyakar yadda 'yan Gana suke zama. Harshenmu ya gyaru, na iya gaisuwa har ina gajiyar da wasu, matata ta iya miyar kuka da ba a kushewa. Mma ce dai ta tsaya inda take. Ta daina fita, tana zaune a ƙofar ɗaki da kaskon wuta a gefe saboda sanyin ƙafa. Ranar kasuwa in na ce na ga wani daga Kafin Dafga, sai ta tambayi lafiyar Baffa, da matansa, da 'ya'yansa, da liman, duk ta bi su, sannan can a ƙarshe kamar abin da ta tuna ta ce ko ya bi ta bakin fadama. Haka na riƙa kawo mata labarin bishiyar, ta kai ƙugu, ta wuce tsayin mutum, ta yi fure ya zube.

Shekarar da jikinta ya yi tsanani, da kaka, sai ga ɗan Baffa a kan keke da ɗan kwando ɗaure a baya. Ya durƙusa ya yi gaisuwa cikakkiya. Ya ce Baffa yana gaishe da Inna, ya ji ba ta jin daɗi, ga lemon gonarsa ya fara haihuwa, ya ce a kawo mata ta ɗanɗana. Lemon gonarsa. Na miƙe zan yi wurgi da kwandon waje, Mma ta ce in miƙo mata.

Ta zaɓi ɗaya, ta karɓi wuƙa. Ta fere shi yadda masu tallan lemo suke yi a zango, ɓawon ya sauko zare ɗaya bai tsinke ba. Ƙanshin ya cika tsakar gidan, ni kaina sai da na juya baya, don tsakar gidanmu na Kumasi na ji. Ta yanke kan ta tsotsa a hankali, idonta a rufe. Ta ce shi ne, bai canza ba. Ta ce wa yaron ya gaya wa Baffa ta gode, Allah ya sa albarka a gonarsa.

Tana sha tana tara ƙwallayen a tafin hannu, yadda ta saba tun ina yaro. Matata ta gani, ta shiga ɗaki da sauri ta fito da gwangwanin madara, har ta fara neman ƙusar hudawa. Mma ta dubi gwangwanin, ta dubi tsakar gidan daga wannan bango zuwa wancan, sannan ta dube ni.

"Kai, gidan nan na wa ne?"

Ta sani sarai. Na ce na haya ne, Mma.

Ta gyaɗa kai, ta miƙa hannu ta juye su cikin kaskon wuta. Muna ji suna fashewa ɗaya-ɗaya. Ta goge tafinta a zani ta ce a raba wa yaran maƙwabta sauran.

Ba ta ga damina ba. A Rogo muka binne ta. Baffa ya zo ta'aziyya da jama'arsa, ya zauna a tabarmata ya faɗi alherinta, ya ce mace ce mai hannun dashe.

Daga baya Allah ya hore mini na sayi gida nawa na kaina, da shaidu, ba aro ba haya. Tsakar gidan fili ne fetal, rana tana dukansa tun daga hantsi. Jikoki sun dame ni in dasa ko darbejiya ce a samu inuwa. Na kira mai walda ya yi musu rumfar kwano.